Shekarar da Na Nemi Gurbin Karatun Wasan Kwaikwayo

Shekarar da na gama sakandare muna zaune a Batsari, a gidan ƙanen mahaifina. Daga Ruma muka taso, bayan ɓarayin daji sun kore shanun unguwarmu sun cinna wa rumbuna wuta. Baba mahauci ne, sai ya samu gefen teburin wani abokinsa a kasuwa ya ci gaba da sana'arsa. Ni kuwa abin da na iya tun ina ƙarami shi ne kwaikwayon mutane. A makaranta ni ne alƙali, ni ne dillalin shanu, in an rasa mai fitowa a tsohuwa mai mita ni ake ɗaura wa zane. Malaminmu na Hausa, wani siririn mutum ɗan Safana, shi ya fara gaya mini ana karanta wannan abu a jami'a.

Da na kai wa Baba maganar yana wasa wuƙa.

"Wato wasan ma sai an je makaranta?" ya ce. "To, Malam ya fi ni sani. In ka ci jarrabawar ka je."

Jarrabawar shiga jami'a a Katsina ake yinta, kuma a kan kwamfuta. Ban taɓa taɓa kwamfuta ba sai 'yar kwamfutar Malam, da yake ba mu aro mu gwada. Ran tafiya na sa sabuwar shaddata, Inna ta ce in cire. "Sa tsohuwar nan," ta ce. "Kada su gan ka su ɗauka ɗan wani ne." Ban tambaye ta su wa ba.

Mun ɗan yi nisa a motar haya sai wata mota da ke tahowa ta yi ta kunna mana fitila. Direbanmu ya taka birki. Direban waccan motar ya leƙo ya ce, "Sun fito a gaba." Muka koma baya muka laɓe a wani ƙauye a bakin hanya. Matar da ke kusa da ni ta toshe bakin jaririnta da nono ko da ba ya kuka. Ni ina salati, kuma Allah Ya gani, rabin tsorona na mutuwa ne, rabi na kada a rufe ƙofar jarrabawa. Sai da motar sojoji ta wuce muka bi bayanta. A wurin da abin ya faru akwai wata mota ƙofofinta duka a buɗe, ba kowa a ciki, ga takalma warwatse a kan kwalta.

Na isa ana kiran rukuninmu. Na zauna, kibiyar da ke kan allon ta ƙi tsayawa inda nake so. Sai in karanta tambayar Turanci in kai ƙarshe, in ga ban riƙe komai ba, takalman nan kawai nake gani. Lokaci ya ƙare da sauran tambayoyi ban duba ba.

Da sakamako ya fito an yanke layin waya a yankinmu saboda rashin tsaro. Akwai wani tudu a wajen gari inda akan tsinci sabis, mutane su taru kowa ya ɗaga wayarsa sama. Ba wanda ke son daɗewa a wurin, don fili ne, daga nesa ana hangen taro. Na ari wayar yayana na hau. Duk ƙarar babur da aka ji sai kowa ya waiga. Da saƙon ya shigo na duba makin. Na wuce gidan Malam kai tsaye.

"Malam, na faɗi."

Ya karɓi wayar ya duba. "Ba ka faɗi ba. Ka haye, amma da ƙyar. Sashen da ka nema ba maki kaɗai suke dubawa ba, akwai gwaji a gabansu. Sai dai ka sani, da wannan makin ba ka da damar kuskure."

Ran gwajin muka cika barandar sashen. Yawancinsu 'yan birni ne, suna tambayar juna maki da Turanci. Duk wanda ya faɗi nasa ya fi nawa. Da aka tambaye ni na yi kamar ban ji ba.

A ciki malamai na zaune a bayan dogon tebur. Wani mai furfura a gemu ya duba takardata.

"Batsari? Madalla. Ga sanda can, ita ce bindigarka. Yi mana ɗan bindiga ya shigo gari."

Na ɗauki sandar. Na san yadda suke tafiya, na san yadda suke jan magana, na ji muryarsu ta bayan danga ranar da suka shigo mana. Ba abin da ya rage sai in buɗe baki. Amma da na ɗaga sandar na nuna malaman, sai na kasa. Na ajiye ta.

"Ranka ya daɗe, ba zan iya ba."

Ya ɓata rai ya yi rubutu. Na tabbata shi ke nan. Sai wata malama da ke gefensa ta ce, "To me za ka iya?"

Na yi musu gwaggota ta ƙauyen Tsaskiya tana cirar ciyawa a gona. Ta duƙa, ta ɗan ja ciyawa, ta tsaya ta karkata kunne. Ta ci gaba. Ta sake tsayawa. Sannan ta kira 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta ɗaga murya ba, tana murmushi don kada su firgita, tana tattara su da hannu ɗaya. Ba wanda ya yi dariya, ni kuwa da dariya na saba sanin na yi daidai. Da na miƙe mai furfurar ya ce, "Je ka, za ka ji."

Damina ta wuce ban ji ba. An ɗauki kashin farko ba ni. Inna ta daina tambayata, wannan ya fi damuna. Sai bayan an yanke dawa Malam ya zo gidan a kan babur, bai ko gama gaisawa da Baba ba ya ce an ɗauke ni a kashi na biyu. Inna ta shiga ɗaki ta yi kuka, har yau ban san na murna ne ko na me ba.

Darasinmu na farko mai furfurar nan ne ya shigo. Ya bi fuskokinmu da kallo har ya zo kaina.

"Kai ne ɗan Batsarin da ya ajiye mini sanda." Na ce ni ne. "Ni ban so a ɗauke ka ba, abokiyar aikina ce ta matsa. Ɗan wasa ba ya zaɓen wanda zai zama. Kafin ka bar makarantar nan sai ka yi shi."

Ya juya ya fara rubutu a allo. Na ɗauki biro na fara kwafa.