Malam Bawa, Mai Fassara Kewar Baturen Ƙauye

Kowace safiya, in ya dawo daga masallaci, Malam Bawa yakan zauna ƙofar gidansa a unguwar Bukoki, ya zura bik, wato biro, cikin kaset yana naɗe zaren a hankali. Ya ajiye aiki gidan rediyo wata huɗu ke nan, amma hannun bai ji labari ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana sa mana waƙoƙin wani mawaƙin ƙauyen Amurka duk Lahadi da la'asar. Mutum ne mai gita da murya kamar ta wanda bai daɗe da kuka ba, ba ya waƙar komai sai hanya da gida da uwa. Turancin dai ba mu ji. Malam Bawa zai tsai da kaset ya ce, "Kun ji shi? Cewa yake ya bar garin Tawa da rani, yanzu ga damina uku, bai taka ƙofar innarsa ba." Tawa fa! Mutumin da ko taswirar Nijar wataƙila bai taɓa gani ba.

To, Hajiya Zalika, mai sai da kayan miya a kasuwar Katako, ta ɗauka da gaske. Ɗanta Maman ya tafi Libiya, shekara tara babu labari, wannan waƙar ce kaɗai ke mata maganarsa. Rannan ta zo gidan rediyo da ƙullin cuku.

"Malam, ka kai wa abokin nan naka. Ka tambaye shi ko sun haɗu da Maman."

Ma'aikata suka fashe da dariya. Kai ne ba ka yi ba, Malam. Ka gaya mata gaskiya, cewa bature ne, ba ka taɓa ganinsa ba, amma waƙar tata ce duk Lahadi. Ka kuwa cika, shekara shida ba fashi.

Da aka rufe shirin, wallahi ni ma na yi kewa, balle ita. Maƙwabta sun ce Lahadi da la'asar sai ta kunna rediyo ta yi ta juya tasha. Labari ya kai wa Malam Bawa, ya saɓi tsohuwar rakodarsa har rumfarta. Waƙar ba ta yi nisa ba zaren ya tsinke. Ya yi ta fama da bik, gumi na zuba, abin ya ƙi.

"Hajiya, ki gafarce ni. Kaset ɗin ya mutu."

"Haba Malam, faɗa mini da bakinka. Dama shi ban taɓa jin abin da yake cewa ba. Kai nake saurare."

Ya zauna kan buhun albasa ya fara: "Ya bar Tawa da rani..."

Mun gode, Malam Bawa, Allah ya saka. Ku kuma masu makirfo a yau, ku leƙa Katako ran Lahadi ku koyi aiki. Za ku tarar da shi can, ita kuma tana kallon hanya.