Kujerar da ke Gefen Kwamared

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa na LRT da Kawu Dauda, wanda kuka fi sani da Kwamared, ya san abin da zan faɗa. Yana zama, na gefensa zai ƙanƙame jaka ya miƙe tsam, wai shi tsayuwa yake sha'awa. Mu sai ranmu ya ɓaci. Shi kuwa sai ya ɗora ledar tapau ɗinsa, wato ƙunshin shinkafa da kaza da ya sayo, a kan kujerar, ya ce da Hausa da ƙarfi, “Madalla! Kun san ba a cunkushe shugaba.”

Shugaban me? Oho! Ƙungiyar Kare Martabar Baƙar Fata ta unguwarmu Bukit Jalil mana, a nan ƙasar masu Malayanci. Membobi: shi, da ni ɗan ƙanwarsa da ba ni da bakin cewa a'a, da wani wanzami ɗan Ghana da shayi kawai ke kawo shi taro. Kullum wa'azinsa shugabannin Afirka masu liƙe wa kujera su suka zubar mana da mutunci. Ran nan na ce, “Kawu, bana zan tsaya takara.”

Ya zare tabarau. “Da wa?”

“Da kai mana.”

“An ɗage zaɓe saboda matsalar tsaro.”

Har ya koma ga Allah tsaron nan bai inganta ba.

To, sai shekarar da kwamitin gidajenmu ya rataya ƙaton ƙyalle a bakin get, wai kada a ƙara ba ɗan Afirka haya. Hayarmu ta kusa ƙarewa, ga jarrabawa a gaba, ba mu da wurin zuwa. Wallahi na tsorata. Samari suka ce a yaga shi. Kawu ya ce, “Ku yaga, su sami abin nunawa? Ku bar ni da su.”

Washegari ya saka babbar riga, ya ja kujerar roba, ya zauna daidai ƙarƙashin ƙyallen. Mai gadi ya rugo. “Bos, tak boleh lah! Ba a zama nan!”

“Karanta sama. Sunan wa ka gani? Afirka! Inuwata ce, don ni aka rataya.”

Haka ya dinga yi kullum, yana gaida kowa da Malayancinsa mai kama da tari, yana tambayar ko sun karya. Tsofaffin da ke tsallake titi don su kauce masa suka gaji suka fara amsawa. Wata ma har ayaba ta kawo masa. Masu zuwa duba gida su kalli ƙyalle, su kalli Kawu, su juya. Wata safiya muka tashi babu ƙyalle, aka sabunta mana haya.

Kun zaci zai yi murna? Ina! Ya shigo yana huci. “Ka ga wariyar da nake faɗa? Baƙin mutum ya samu inuwa, sun cire!”

Jiya na shiga jirgi daga tashar Sri Petaling. Ina zama, na gefena ya miƙe. Na ɗora ledata a kan kujerar, na buɗe baki zan faɗi maganarsa, sai addu'a ta fito a madadinta.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya ba ka inuwar da ba mai cire ta, ya zaunar da kai cikin waɗanda ba za su tashi don ka zo ba.