Hannun da Opal Ta Sani

Duk wanda ya taso a garin nan namu na bakin tekun Florida ya san Lorna Pettiway, in bai san sunanta ba to ya san ƙarninta. Ƙarnin kifi ya zauna mata a fata, sabulu ya yi iya ƙoƙarinsa ya haƙura. Ko a coci mutane sukan bar mata ɗan fili a kan benci, ita kuwa ta ɗauka girmamawa ce.

Tana budurwa ta shiga gidan wasan dabbobin ruwa na gefen babbar hanya, aikinta sayar da gugguru. Ba a daɗe ba aka gane hankalinta ba ya kan gugguru, kullum tana jingine da shingen tafki tana kallon dolfin, dabbobin ruwan nan masu kama da manyan kifaye, masu saye na tsaye da kuɗi a hannu. Maimakon a kore ta sai aka tura ta ɗakin kifi, inda ake narkar da daskararren kifi da sassafe, a cusa ƙwayar magani a ciki, a raba a bokitai. Daga can ne ta kai ga rataya usur a wuya.

Usur ɗin nan shi ne aikin gaba ɗaya. Dolfin ba ta jin "madalla". Mai horo yakan busa siririn usur daidai lokacin da ta yi abin da ake so, ma'anarsa kin yi daidai, zo wurina ki karɓi kifinki. Kowace dabba kuma ta san busar mai ita. Lorna ta busa shi har ya zame mata numfashi. Sabo turken wawa, ranar da mijinta Wendell ya wanke kwanuka ba tare da an sa shi ba, bai ankara ba sai ya ji an busa masa usur a baya. Ya juyo da kumfa a hannu ya ce, "To tsohuwa, ina kifin nawa?"

A gabanta aka haifi wata dolfin mai suna Opal, a zamanin da motocin makarantu ke cika filin ajiye motoci har su tsallaka titi. Tare suka yi ƙuruciyar wasa. Opal ta yi tsalle ta taɓa ƙwallo a sama, yara su yi ihu, na layin gaba su koma gida a jiƙe suna murna. Lorna ba ta haihu ba, kuma ba ta taɓa yarda a ce Opal 'yarta ce ba. Takan ce abokiyar aiki ce. Amma ba kowace abokiyar aiki ake zuwa dubawa cikin guguwa ba, alhali hukuma ta ce kowa ya bar gari.

Daga baya zamani ya juya. Aka fara ganin mutane da kwalaye a bakin ƙofa suna cewa tafkin siminti kurkuku ne. Makarantu suka daina zuwa. Masu kwalayen ba ƙarya suka yi ba, tafkin ya yi ƙanƙanta, Lorna ma ta sani. Abin da ke ƙona mata rai shi ne babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa tsoma hannu a bokitin ƙanƙara a watan Janairu. Kujerun kallo suka yi ta koɗewa a rana, har ta kai ana yin wasa a gaban tsofaffi 'yan ƙalilan da suka shigo neman inuwa.

Ƙarshenta wani kamfani ya sayi wurin. Za su cike babban tafkin su kafa lilo da silalo na ruwa, da wani zaure mai duhu inda za a riƙa haska hoton manyan kifaye a bango. Hoto ba ya cin kifi, ba ya ciwo, ba ya jawo masu kwalaye. Matasan dolfin an raba su ga wasu gidajen wasa. Opal kuwa ta tsufa, haƙoranta sun cinye, idonta ɗaya ya yi yana, babu mai so. Wata ƙungiya mai wani lungun teku da aka killace da raga ita kaɗai ta ce za ta karɓe ta, amma da sharaɗi: sai ta saba cin abinci daga hannun ma'aikaciyarsu kafin a ɗaga ta. In ba haka ba za a mayar da ita ƙaramin tafkin baya, kusa da injinan tace ruwa, ta ƙare kwanakinta a can.

Ma'aikaciyar sunanta Noemi Salcedo, mace mai sanyin hali da ta daɗe a aikin. Ta durƙusa a bakin tafki ta miƙa kifi, Opal ta ture shi da baki ta iyo wurin Lorna.

"Mis Lorna," in ji Noemi, "muddin tana ganin inuwarki ba za ta dube ni ba. Ki hau sama."

"Yau kuma a gidana ake korata?"

"Ba kora ba ce. Ki zauna inda za ki gan mu ita ba ta gan ki ba. Usur ɗin nan kuma, don Allah kada ki busa shi."

Lorna ta hau can layin ƙarshe na kujerun ta zauna, usur a cikin riga. Opal ta yi ta kewaya tafki tana ɗago kai tana nema. Ba ta ci ba ranar, ba ta ci ba washegari. Dolfin kuwa ba ta shan ruwan da take ciki, ruwan jikinta daga kifi take samunsa, don haka in ta daina ci ƙishirwa ce za ta kashe ta a tsakiyar ruwa. Likita ya fara maganar zura mata roba a maƙogwaro.

A gida Wendell ya ajiye mata ƙwai da gasasshen burodi, ya zauna yana kallonta tana juya cokali.

"Kin faɗa wa matar nan komai?"

"Na faɗa mata ta zo ta ɓangaren ido mai gani. Na faɗa mata irin kifin da take so."

"Ba shi na tambaya ba. Abin nan da kike yi mata a baki fa?"

Lorna ta ajiye cokalin. Tun Opal tana ƙarama, kafin kifin farko sai ta buɗe baki Lorna ta sosa mata harshe da yatsu. Ba ya cikin wasa, ba ya cikin horo, babu wanda ya koya musu.

"Shi kaɗai ya rage namu," ta ce.

"Na sani, tsohuwa. Sai ki zaɓa, ki riƙe shi ko ki bar ta ta ga teku."

Da safe Lorna ta samu Noemi a ɗakin kifi, ta kama hannunta ta nuna mata a kan tafin nata hannun, yatsu a kwance, daga ciki zuwa waje, a hankali. Ba ta dubi fuskarta ba. Ta koma layinta na sama.

Noemi ta durƙusa, ta ajiye bokiti a gefe, ta sa hannu a ruwa babu kifi. An daɗe. Opal ta matso, ta kauce, ta sake matsowa ta ɗora haɓa a bakin tafki. Da yatsun suka taɓa ta sai ta buɗe baki. Daga inda take Lorna tana jin kaushin harshen nan a nata yatsun, kewa ta cika mata ƙirji tun dabbar ba ta tafi ba. Noemi ta ɗauko kifi ta miƙa, Opal ta haɗiye.

Kafin Lorna ta san abin da take yi, usur yana tsakanin haƙoranta, ta ja numfashi. Opal ta yi daidai, kuma tunda take ba ta taɓa yin daidai Lorna ta hana ta jin busar ba. Amma busar nan tana nufin zo wurina, kuma Lorna ta san za ta zo, ta bar bokitin ta bar hannun, ta iyo tana nemanta a cikin kujeru. Ta cije ƙarfen ta riƙe numfashin har idanunta suka kawo ruwa.

Can ƙasa Noemi ta busa nata usur, wata irin busa mai kauri. Opal ba ta waiwayo ba, ta buɗe baki tana jiran kifi na biyu.