'Yar Rakiyar Hoto

A shagon hoton da ke ƙarshen layinmu akwai wani ɗaki daga ciki wanda yawancin masu zuwa ba su san da shi ba. Su iyakarsu gaban labule, a ce su ɗaga haɓa, su yi murmushi, su kama gabansu. A ɗakin nan wata mata take zama, tsakanin kwamfuta biyu da wata fanka mai kuka, kuma kowa Mai Ajiya yake ce mata, har mai shagon. Da shara ta fara aiki a shagon bayan rasuwar mijinta, ta koyi wanke hoto, da kwamfuta ta zo kuma ta koye ta da kanta. Shekara goma sha tara ke nan, har gobe da yatsa biyu take bugawa.

Ni a da haushinta nake ji, ba zan ɓoye ba. Ki kawo hoto ɗaya a buga miki, sai ta tsare ki da tambaya: ina aka ɗauka, yaushe, wane ne wannan na gefe. Kina sauri, ita ko a jikinta. Abin da take yi da amsoshin shi ne, kowane hoto sai ta haɗa shi da wani ɗan ƙaramin fayil mai suna iri ɗaya da nasa, wanda take kira 'yar rakiya. Waya takan ɓoye lambobin wurin da aka ɗauki hoto a cikin hoton kansa. Ita sai ta kwashe lambobin ta zuba a 'yar rakiya, ta ƙara da abin da aka gaya mata, sannan ta ba mutum hotonsa babu su. Hoto yawo yake yi, in ji ta, bai kamata ya riƙa nuna wa kowa ƙofar gidan mutane ba. An ce mai shagon ya taɓa kwashe hotuna zuwa sabon faifan ajiya na kwamfuta ya bar ƙananan fayilolin, wai tarkace ne. Sati guda ba ta amsa gaisuwarsa ba, sai da ta mayar da kowace 'yar rakiya kusa da hotonta.

Yayana direban babbar mota ne. Shekara takwas da suka wuce ciwo ya kama shi a hanya, tafiyar kwana biyu daga gida, ya rasu a gefen titi. Mutanen wani ƙauye suka binne shi. Abokin tafiyarsa, wani dattijon direba, ya ɗauki hoton kabarin da wayarsa, ya kai shagon aka buga, ya kawo wa Mama. A hoton babu komai sai tudun ƙasa, da duwatsu, da wata bishiya a baya. Ya yi alkawarin zai kai mu, amma shekara ba ta zagayo ba shi ma ya rasu, wayarsa kuma ba wanda ya san inda ta shiga.

Bana ƙafar Mama ta fara ƙin tafiya. Wata safiya tana shafa magani ta ce, ba tare da ta dube ni ba, tana so ta ga inda ɗanta yake tun tana iya hawa mota. Na tashi na ɗauko hoton kabarin. Na juya shi, sai na ga hatimin shagon da wata lamba da aka rubuta da biro.

Da na miƙa wa Mai Ajiya, ba ta tambaye ni komai ba, karo na farko a rayuwata. Ta duba lambar, ta buɗe kabad, ta zaro wani tsohon faifai da aka naɗe a safa, ta jona. Hoton ya fito, ga 'yar rakiyarsa a ƙasansa. Da ta buɗe lambobin, taswira ta fito da ɗigo ja a bakin wani titi. Na miƙe ina neman biro.

"Zauna tukuna, ƙanwata," in ji ta. "Wannan ɗigon ƙarya yake yi."

Ta nuna min ɗigon a kan gidan mai yake, ga shi kuma a hoton babu ko inuwar gini. In waya ba ta samu wuri ba a lokacin da aka danna, wani lokaci sai ta liƙa wurin ƙarshe da ta sani. Tun ranar da dattijon ya kawo hoton ta lura da haka, ta zaunar da shi, ta kawo masa ruwa, ta yi ta jan sa da tambaya yana share ido. Ta gangara ƙasa ta nuna min layi huɗu da ta rubuta. Abin da na'ura ta ce daban, abin da mutum ya ce daban, ba ta gauraya su ba. An wuce gidan mai da kamar minti ashirin a mota mai kaya, gada ta biyu ba ta farko ba, hannun hagu, akwai rijiya mai murfin ƙarfe, kabarin yana bayan bishiyar da ta rabu biyu.

Matar nan ba ta san yayana ba, ba ta san mu ba, ba wanda ya sa ta. Na tambaye ta ko ta san wata rana za a zo nema. Ta ce yawanci ba a zuwa, tana da dubbai da ba a taɓa buɗewa ba, amma ita ba ta san wanne ne za a nema ba, shi ya sa take yi wa kowanne. Kunya ta kama ni da na tuna irin tsakin da na sha ja a ɗakin nan.

Muka tafi ni da Mama da mijina. A gidan man, ɗigon waya ya ce mun iso, muka wuce shi. Na riƙe takardar da na kwafe layukan nan huɗu a kai ina ƙirga gada. A ta biyu mijina ya rage gudu, sai ga rijiya, murfin ya yi tsatsa amma yana nan. Bishiyar ta yi girma har na so in musa, sai da na ga inda ta rabu.

Kabarin a share yake, an kewaye shi da duwatsu. Mama ta zauna a ƙasa ta ɗora tafin hannunta a kai, ba ta yi kuka ba. Can sai ga wani tsoho ya baro gonarsa, fartanya a kafaɗa. Da ya ji ko su wane ne mu, sai ya ajiye ta. Ya ce yana cikin waɗanda suka haƙa, kuma duk bayan damina shi yake cire ciyawar.

"Baƙo muke ce masa, uwa," ya ce wa Mama. "Abokinsa ya faɗa mana sunansa ranar, amma cikin ruɗani ya shige mana. Shekara takwas muna masa addu'a babu suna."

Mama ta ɗago kai. Ta faɗa masa sunan a hankali, ta sake faɗa, tsohon yana maimaitawa a bayanta har ya riƙe.