Yaron da Aka Ɓoye a Rumbu

Har yau in aka buɗe tsohon rumbu na shaƙi warin nan na dawar bara da toka da kashin ɓera, sai raina ya ɓaci. Mutane na cewa ƙanshin albarka ne. Ni ba haka nake jin sa ba, kuma zan gaya maka dalili, ko da za ka ce mutum da furfurarsa yana hassada. Faɗi abinka. Ba ƙarya ka yi ba.

A wani ƙauye na taso tsakanin Kafur da Malumfashi, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Mu biyu ne yara maza a gidan: ni da ɗan ƙanen babana, wanda ubansa ya rasu, uwarsa ta yi aure a Musawa ta bar shi hannun kakarmu. Da 'yan watanni na girme shi, amma Yaya yake ce mini. Tabarmarmu ɗaya, akushinmu ɗaya, jiki ne dai kowa da nasa. Ni kakkaura ne, ina ɗaukar damin dawa tun ban gama wayo ba. Shi kuwa siriri, ga ciki kamar tulu saboda saifa, in ya nome kunya ɗaya sai ya zauna yana haki.

A zamanin nan ba a kai yaro boko, kama shi ake yi. An gama girbi, ana tsakiyar cirar auduga, sai hakimi ya aiko wa dagaci, dagaci ya aiko wa mai unguwa: gida kaza da gida kaza, kowa ya ba da yaro ɗaya. Kowa kuma ya san irin yaron da ake bayarwa. Maraya, ko agola, ko raggo. Wanda ake ji da shi ɓoye shi ake yi.

Ni aka ɓoye.

Kakarmu ce ta yi aikin. Sunan mijinta aka sa mini, ba ta iya kama sunan, sai dai ta ce Maigidana. Da hantsi aka ce ga mai unguwa nan tafe da malamin makaranta yana tura keke. Ta ja ni bayan ɗaki, ta sa babana ya ɗaga hular rumbu, aka zura ni kan zangarniyar dawa. Ta kwance ƙuli-ƙuli daga bakin zanenta ta miƙo mini.

"Ko tari ya taso maka, haɗiye shi, Maigidana. Ba za su ɗauke mini kai ina raye ba."

Akwai wata 'yar tsaga a jikin rumbun, ta nan na ga komai. Ba a san shekarun kowa ba a lokacin, gwajin ɗaya ne: yaro ya ɗora hannu ta bisa kansa ya taɓa kunnen ɗaya ɓangaren. In ya taɓa, ya isa boko. Ƙanena ya ɗora, yatsunsa suka tsaya a hanya. Malamin ya ce wannan bai isa ba, ina ɗayan da aka ce akwai? Kakarmu ta ce ai wancan yana Funtua wajen dangin uwarsa. Sai ta matso kamar mai gyara wa yaro riga, ta karkata kansa da tafinta, ta ja kunnen sama da yatsu biyu har ya haɗu da hannun. Malamin ya yi dariya ya ce to, ya isa. Mai unguwa ya dubi rumbun, ya ɗan jima yana dubansa, sannan ya kau da kai. Shi ma nasa ɗan yana cikin nasa rumbun.

Aka ɗora ƙanena bayan keke yana kuka yana kiran Yaya. Ni kuwa ina tsotsar ƙuli-ƙuli don kada a ji ƙarar tauna, ina jin duk ƙauyen ba wanda aka so kamar ni.

Shekaru suka tafi. Ni ina gona, shi yana aji. Ya ci jarrabawa, aka kai shi makarantar kwana. Wata damina ya zo hutu, muna noman farko, ƙasa ta sha ruwa tana wannan ƙanshin nata. Bai iya binmu ba, kamar kullum, ya koma gindin ɗorawa yana zane a ƙasa da tsinke. Na zo shan ruwa na tsaya a kansa. Lambobin na san su, shi ya koya mini. Amma a cikinsu akwai wani abu kamar kara biyu a gicciye. Na ce wannan fa, nawa ne?

"Ekis ne, Yaya. Abin da ba a sani ba tukuna. Sai a yi ta aiki da shi kamar an san shi, har ya gaji ya faɗi kansa."

Ban taɓa jin magana ta shige ni irin wannan ba. Ashe ana ba abin da ba a sani ba wurin zama, a sa shi aiki. Ya ce sunan lissafin aljebra. Ya yi mini ɗaya a ƙasa, ya share da ƙafa, ya ba ni wani, na yi. Kaina ba dutse ba ne, ka gane. Ranar nan na fara jin wani abu yana cin ƙirjina, har gobe bai ƙoshi ba.

Na sami babana a kan iyakar gona yana wasa galma. Na durƙusa na ce, Baba, ni ma a kai ni. Bai ɗago ba.

"Ɗora hannunka ka taɓa kunne."

Na ɗora. Hannuna ya wuce kunnen, ya sauko har muƙamuƙi.

"Ka gani? Ka wuce. Ɗauki galma."

Shi ke nan maganar bokona. Rubutun nan da kake gani a ajin yaƙi da jahilci na koye shi, da gemuna. Kakarmu kuwa har ta rasu tana yi mini gori: ba don ita ba, da yanzu ina can ina shaƙar alli.

Yau ƙanena malami ne a wata kwaleji a Funtua, aljebrar nan yake koya wa samari da 'yan mata kafin su shiga babban lissafi. Ni gona ta gaji, aka raba ta gado, na dawo Malumfashi na kafa injin niƙa, ƙararsa ta cinye mini kunne ɗaya. Kada ka ce kuɗinsa nake wa hassada. Babur ɗinsa sai an tura yake tashi. Da ma yana da girman kai, da na sami abin riƙewa. Amma ina, duk Sallah sai ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Yaya, da kai aka kai, da ka fi ni." Yana ganin daɗi yake sa ni ji. Da zai yi shiru da ya kyauta mini.

Ɗana na fari ni na kai shi makaranta da hannuna, tun hannunsa bai kai kunne ba. Yanzu yana ajin baffansa, kuma ba ya buɗe baki sai ya ce Baba Malam ya ce. Kwanan baya ɗan nawa ya zo ya tsaya bakin inji yana ɗaga murya don in ji.

"Baba, da injinka Baba Malam ya koyar da mu wani darasin lissafi, fankshin. Ka zuba abu ta sama, inji ya yi masa aikinsa, ya fito ta ƙasa. Kuma duk abin da ka zuba, abu ɗaya ne tak zai fito. Dawa ba ta fitowa garin masara. Ya ce wa 'yan aji yayansa ya fi kowa sanin wannan."

To, ka ji. Ni ne misali, shi ne malami.

Na kashe injin. Na ce, "In ka koma ka tambayar mini shi, in aka zuba yaro a rumbu, me ke fitowa?"

Yaron ya yi dariya, ya ɗauka kacici-kacici ne. Sai ya dube ni sosai, gari har a gashin idona, ya daina dariyar.

Yanzu ba mai ɓoye yaro. Akuya ake sayarwa a kai shi, a yi ta roƙo a karɓe shi. Rumbunan ma suna ƙarewa, hatsi ya koma buhu. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, so ne ya sa ta, na sani, kuma ina yi mata addu'a bayan kowace salla. Amma da ta rage son nan nata kaɗan, da ta ja kunnena ni.

Wata mata da ke jira da ƙwaryar dawa ta ce, "Mai inji, rana na yi." Na tayar da injin.