Ranar da Na Raka Ƙawata Asibiti Cikin Wandon Jins

A unguwar Sanyuanli ta ƙasar Sin, saman wani tsohon bene, akwai ɗan daudun da ke dafa mana tuwo. Duk zuwan da na yi sarin kaya a kasuwar Canaan wurinsa nake ci, har muka ƙulla ƙawance. Shi ya ce mini Hajjaju, ni in ce masa ƙawata. Bakinsa kuwa sai addu'a, alhazan Maraɗi ma da sallama suke roƙon ƙarin miya.

Wani zuwa na tarar ya rame, yana ɗirkar ruwa kamar raƙumi, ga gyambo a ƙafa ya ƙi warkewa. Haka ciwon suga ya fara wa mahaifina har aka yanke masa ƙafa. Na ce sai asibiti.

"Ni? Asibiti? Ahir ɗinki, Hajjaju!"

Ashe ya taɓa zuwa, can gida ƙasarmu. Wata ma'aikaciya ta ji muryarsa, ta kira 'yan uwanta su sha kallo, aka yi ta sa shi yana kai da kawowa suna sheƙa dariya. Tun ranar bai sake taka asibiti ba.

Na yi faɗa, na yi lallashi, na rantse na daina cin miyarsa. Da ƙyar ya yarda, amma da sharaɗi: a namiji sak zai je.

Ni da ban taɓa zama namiji ba, ni ce malamar koyarwa. Na zaro wani jins cikin samfurin da na ɗauko a garin Xintang, muka haɗu muka cusa shi ciki yana nishi. "Buɗe ƙafa! Sauke hannun nan daga ƙugu! Wa ya ce ka karya wuya?" Hannayen suka ƙi jin magana, sai muka kulle su a aljihu. Muryar kuma ya kumbura ta, ta koma ta direban tirela mai mura.

Likitar wata dattijuwa ce mai tabarau. Sinancina na kasuwa ne, daga "lawban", wato maigida, sai "meyo", wato babu, don haka waya ke mana tafinta. Yaushe ciwon ya fara? Ya ce shekaranjiya. Da zafi? "Meyo." Yawan ƙishirwa fa? "Meyo."

Na mintsine shi, raina ya gama ɓaci. Ya raɗa mini, "Bari mana! Maza ba sa raki, haka na ga suna yi."

Baiwar Allah ta rubuta man shafawa kawai, ta tura mu a wanke gyambon. Wata 'yar nas ta tsiyaya maganin nan mai raɗaɗi. Jama'a, nan take namiji ya gudu!

"Wayyo Allah na shiga uku! Ni 'yasu, yarinyar nan za ta kashe ni!"

Hannaye suka fito daga aljihu, aka tafa, aka dafe ƙirji, maɓallin jins ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin gado. Sai kuma ya sunkuyar da kai yana jiran abin da ya saba.

Nas ta ci gaba da naɗa bandeji. Wani tsoho a gefe yana ta latsa wayarsa. Ƙawata ya ɗago a hankali, ya dubi wannan, ya dubi wancan.

"Hajjaju, ba su ji ba ne?"

"Har Kano an ji."

"Kuma ba wanda ya ko juyo? Ji wulaƙanci!"

Na fashe da dariya har da riƙe ciki. Da na ɗago sai na ga idonsa ya cika da ƙwalla, ni ma tausayi ya kama ni. Ya riƙe ƙugun wandon da hannu ɗaya, ya miƙo mini ɗayan, ya yi magana da muryarsa ta ainihi.

"Tashe ni mu koma wurin tsohuwar nan. Ƙarya na yi mata. Tun azumin bara ƙafar nan take, kuma babban yatsan ma na daina jin sa."