Yallaɓai da Tambaya ta Bakwai

A wani shagon koyon kwamfuta a unguwar Abakpa, ga wani dattijo nan zaune, babbar rigarsa ta sha sitaci, jan biro a maƙale a aljihu. Ko ba a faɗa ba mataimakin darakta ne, don yatsun nan ba su taɓa danna komai ba sai ƙararrawar kiran masinja.

Ran Asabar za a yi jarrabawar zama darakta, a kwamfuta, kuma furfurarsa ta nuna daga wannan sai ritaya. In ya faɗi, wanda ya koya wa aiki shi zai riƙa sa masa hannu a takardar hutu.

Yana karanta tambaya ta bakwai ta jarrabawar gwaji a allon kwamfuta, yana gyara tabarau. Sai ya yi abin da ya shekara talatin yana yi wa duk fayil mai wuya: ya waiwaya neman wanda zai tura wa.

"Hajiya Kaltume," ya ce da mai shagon, "duba wannan ki kawo mini shawara."

Ba ta ko daina ɓarar gyaɗarta ba. "Yallaɓai, ran Asabar wa zai duba maka? Na damanka da na hagunka duk kujerar suke nema."

Ya naɗe hannun riga, ya miƙa yatsa ɗaya kamar mai gwada ruwan zafi, ya danna. Allon ya ba shi ja, irin jan bironsa. Ya harari kwamfutar.

"Hajiya, wannan ta san da wa take magana kuwa?"